Auna tasirin mai bincike kan ciwon ƙoda

Malam, ka tambaya ko yawan maƙalun da wani masanin ciwon ƙoda ya wallafa, da yawan ambaton da aka yi musu, sun isa ka zaɓe shi ya duba maka aikin digirinka na uku.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya gabatar a 2005. Idan aka ce na mutum ya kai 30, to yana da maƙalu 30 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 30. Sai dai adadin yakan bambanta daga wani rumbun bayanan maƙalu na intanet zuwa wani, domin rumbun Google Scholar yana ƙirga abubuwan da na Scopus ba ya ƙirgawa.

A ganina, tasiri na gaskiya a asibiti ake ganinsa. Lissafin CKD-EPI da Andrew Levey da abokan aikinsa suka wallafa a 2009 ya shiga aikin yau da kullum, har ɗakunan gwaji da dama suka riƙa amfani da shi wajen ƙiyasta ƙarfin tacewar ƙoda a takardar sakamakon da ake miƙa wa majinyaci.

Ka yi hattara da maƙalar da ke ɗauke da ɗaruruwan marubuta, inda sunan mutum yake can tsakiya, da kuma wanda yake yawan ambaton kansa. Ka karanta maƙalu uku da sunansa ya zo a farko ko a ƙarshe, sannan ka nemi ma'aikacin ɗakin karatu na jami'arku ya tantance maka mujallun da ya wallafa a ciki.