Filin Tambayi Malam: Maki 3 Suka Tsaya Mata, Ko Mu Je Mu Roƙi Jami'a?

Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar kasuwa ce, atamfa nake sayarwa a Kejetia, gidanmu a Aboabo. 'Yata ta fari ta gama sakandare bana, burinta ta karanta haɗa magunguna a Tek, wato jami'ar KNUST ta nan Kumasi. Sakamakon WASSCE, jarrabawar gama sakandare, ya fito, agiriget ɗinta, wato jimlar makinta, 11, maki 3 ke nan tsakaninta da inda aka ja layi bara. Kwana huɗu ba ta ci abin kirki ba. Yayana da ke Ingila ya bugo waya ya ce ɗansa bai kai makin da aka gindaya masa ba, amma jami'a ta ɗauke shi, wai mu ma mu je mu roƙa. Ga kuma wani a unguwa ya ce yana da hanya idan na kawo sidi 6,000. Ina zan sa kaina?
Wata uwa daga Aboabo, Kumasi

Wa'alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, ki ce wa 'yata ta tashi ta ci tuwo. Na yi shekara 26 ina riƙe da alli a sakandare a garin nan, kuma duk shekarar da yaro ya kawo mini agiriget 11 a ajin kimiyya, har gida nake zuwa yi wa iyayensa barka.

Yayanki bai yi ƙarya ba, sai dai ya auna mu da mudun wata kasuwa. A Ingila yaro yana neman jami'a ne tun bai zauna jarrabawa ba, ta hannun hukumar da ake kira UCAS, inda zai zaɓi har wuri 5. Jami'ar da ta so shi sai ta yi masa alkawari mai sharaɗi: ka kawo A ɗaya da B biyu, gurbi naka ne. Shi kuma ya riƙe alkawari biyu, na gaba da na ko-ta-kwana. Sakamako yana fitowa wata Alhamis a tsakiyar Agusta, amma jami'o'i suna ganinsa 'yan kwanaki kafin yaran. A cikin kwanakin nan suke zama su ƙirga: mutum nawa suka cika sharaɗi, kujera nawa ta rage. Idan da saura, sai su waiwayi waɗanda suka kusa, su ɗauke su, ko su ba su wani kwas makamancinsa, ko shekarar share fage. Wanda aka saki kuma yana da kasuwar cike gurbi da suke kira Kiliyarin, wadda ake buɗewa tun Yuli har Oktoba. Tun 2015 gwamnatinsu ta cire ƙayyade yawan ɗaliban da jami'a za ta ɗauka a mafi yawan kwasa-kwasai, kuma kowane ɗalibi kuɗin makaranta ne, don haka kujera ba kowa asara ce. Ɗan yayanki kujera ya tarar, ba roƙo ne ya shigar da shi ba. Ko a can ɗin, karatun likita yana da ƙayyadadden adadi, sassauci a cikinsa kaɗan ne.

Mu nan ba a yi wa kowa alkawari, balle a ce za a sassauta shi. Sai sakamako ya fito ake jera yara. A ɗauki darasi 6, uku na dole da uku na zaɓi, A1 maki 1, B2 maki 2, har zuwa C6 maki 6, a tara. Wanda jimlarsa ta fi ƙanƙanta shi ne a gaba. A ɗebo daga sama har kujeru su ƙare, inda suka ƙare nan ne layi. Shi ya sa layin bara ba doka ba ce, labari ne na abin da ya faru bara. Yakan motsa, amma ba zan yaudare ki ba: a kwas irin haɗa magunguna, da wuya ya motsa da maki 3, musamman tun da yaran sakandare kyauta, wadda aka fara a 2017, suka soma fitowa a 2020 suka cika layi.

To sassaucinmu yana ina? Yana cikin fom ɗin da ta cike. Abin da na fi gani yana kayar da yara shi ne su sa kwas masu zafi a zaɓi na ɗaya, na biyu da na uku, kamar mai zuba ƙwai duka a kwando ɗaya ya hau motar haya ta trotro. Ta buɗe shafinta na neman shiga yau ɗin nan, ta ga ko ana iya gyara zaɓi. Idan ana iya, ta bar haɗa magunguna a sama, ta sa a ƙasa abin da makinta zai ɗauka, cikin kimiyyar sinadarai, kimiyyar halittu da danginsu. Akwai kuma gurbin masu biyan cikakken kuɗi, wanda Tek da Jami'ar Ghana ta Legon duka suna da shi; layinsa yakan fi sauƙi, kuɗinsa ya fi nauyi, kuma haɗa magunguna shekara 6 ne, don haka ki yi lissafin shida, ba na shekarar farko kaɗai ba. Kada kuma ku manne wa Kumasi. Akwai jami'ar UDS a Tamale, akwai jami'ar kiwon lafiya a Ho, akwai Cape Coast. Na san zuciyar uwa ba ta son 'ya mace ta yi nisa, amma Tamale ba bayan duniya ba ce, rabin Aboabo suna da dangi a can.

Sake zama jarrabawar Nobdek, wato WASSCE ta masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara, yana nan, sai dai zai ci mata shekara guda, kuma mai B2 da ke neman A1 yana iya dawowa da B3. Ba na ba mai 11 wannan shawara sai in ta ce ita duniya ba abin da take so sai wannan kwas.

Saura mai hanya. Hajiya, riƙe kuɗinki. Shekarun baya wani maƙwabcina, mai sayar da goro, ya ba irin mutumin nan kuɗin da ya tara na Umara. Aka kawo masa takardar shiga mai tambari da sa hannu, har walima aka yi. Yaron ya je rajista da akwatinsa, aka duba kwamfuta babu sunansa. Wani salon kuma ya fi wannan wayo: su karɓi kuɗin yara goma, su zauna ba su yi komai ba, uku su samu da makinsu, su ce aikinsu ne, sauran a ce musu "Oga ya yi tafiya". Kuma jami'a tana korar wanda ta gano ya shiga da takardar bogi ko da ya kai aji na ƙarshe.

Idan kuna son zuwa Tek, ku je, ba laifi, ofishin ɗaukar ɗalibai a buɗe yake, kuma tambaya kyauta ce. Amma ita za ta yi magana, ke ki zauna a gefe. Ta riƙe sakamakonta da lambar fom ɗinta, ta tambayi abu biyu: wane kwas ne 11 ya shiga bara, kuma yaushe za a rufe gyaran zaɓi. Sidi 6,000 ɗin nan ki ajiye, kuɗin ɗakin kwana na nan tafe.