Me ya sa na'urar nuna karkatar jirgi take jinkirin miƙewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon gyaran ƙananan jiragen sama a Jidda. A wani jirgin koyon tuƙi da muke kula da shi, na'urar da ke nuna karkatar jirgi sai ta yi minti goma tana rawa kafin ta daidaita, kuma in ana juya jirgin a ƙasa sai ta kwanta gefe. Amma allurar gejin zuƙar iska tana cikin kore. Wani ya ce in ƙara ƙarfin zuƙar. In ƙara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka taɓa bawul ɗin da ke daidaita ƙarfin zuƙa tukuna, ƙanena. Ƙara zuƙa rufe ciwo ne kawai, kuma famfon da ke zuƙo iskar ne zai sha wahala.

A cikin na'urar akwai ƙaramin faifai mai nauyi da ake kira jairo. Ka tuna mazarin kaɗi: muddin yana juyawa da ƙarfi a tsaye yake, da ya yi sanyi sai ya fara tangaɗi. Haka jairo yake, sai dai shi yana zagayawa wajen sau 15,000 a minti ɗaya, a rataye cikin zobba biyu masu motsi. Jirgi ya ɗaga hanci ko ya kwantar da fiffike, jairo na nan inda yake, akwatin na'urar ne ke juyawa a kewayensa. Abin da matuƙi ke gani ke nan a fuskarta: shuɗi sama, ruwan ƙasa a ƙasa, da layin da ya raba su.

Iska ce ke juya shi. Famfon da ke jikin inji yana zuƙo iska, ta bi ta filta, ta bugi 'yan gurabun da ke gefen faifan. A yawancin ƙananan jirage ana son zuƙar tsakanin inci 4.5 da 5.5 na zaiba (ma'aunin da gejin ke nunawa), amma adadin da ke littafin jirginka shi ne abin bi. Iskar da ta gama aiki tana fita ta kafofi huɗu a gindin gidan jairon, kowace da ɗan marfi mai reto da ya rufe rabinta. In jairo na tsaye, iska na fita daidai ta ko'ina. In ya karkata, marfi ɗaya ya buɗe, na ɗaya ɓangaren ya rufe, bambancin turin ya mayar da shi tsaye. To ka ga in iska ta yi kaɗan, juyawa ta ragu, miƙewa ma ta ragu.

Lafiyayyar na'ura tana daidaita cikin minti 5 da tayar da inji, kuma ba ta nuna karkata fiye da digiri 5 in ana juya jirgi a ƙasa. Taku ta faɗi duka biyun.

Geji kuwa matsin iska yake aunawa, ba yawan iskar da ke ratsa na'urar ba. A wasu jiragen, yadda aka haɗa shi kan sa ya zauna cikin kore alhali filta ta toshe ko tiyo ya lanƙwashe. Saboda haka fara da babbar filtar da ke bayan allon na'urori. Yawanci ana canza ta duk awa 500 ko duk shekara, ƙaramin soson da ke kan bawul kuma duk awa 100. A ƙurar Jidda, musamman bayan guguwar rairayi, ban ga dalilin jiran cikar awannin ba. In ka ciro ta ka ga ta koma kalar ƙasa, sa sabuwa, kada ka hure ta ka mayar. Sannan ka bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da hannu. Zafin jirgin da ya yini a rana yana busar da roba, ta tsage daga waje ko ta ɓarɓashe daga ciki, ɓarɓashin ya wuce cikin na'ura. Kada ka naɗa farin tef na masu gyaran famfo a mahaɗa, guntunsa kaɗai ya isa ya karya fuka-fukan kabon da ke cikin famfon.

In hanyar iska ta fita lafiya kuma matsalar na nan, galibi boris ɗin da jairon ke juyawa a kansa ne ya ci. Kashe inji ka kasa kunne: mai lafiya yana daɗewa yana kuka siriri, wanda ya lalace yana gurnani ya tsaya da wuri. Wannan ba gyaranka ba ne, ba a buɗe akwatin sai a shagon na'urori mai izini. Jira jairon ya tsaya cak kafin ka kwance shi, toshe kafofinsa, ka ɗauke shi kamar ƙwai, domin ɗan bugu a kan teburi yana iya lotsa boris.

Ka rubuta matsalar a littafin jirgin, ka nuna wa injiniya mai lasisi da ke sa maka hannu. Wannan na'ura ba ta mutuwa farat ɗaya, a hankali take kwanciya, matuƙin da ke cikin gajimare ko duhu ya bi ta bai sani ba. Kafin a gyara, kada jirgin ya tashi da dare ko cikin hazo.