Amsa ga kafinta a Teksas kan teburin masu ɗura harsashi

Wani ɗan uwa kafinta da ke zaune a Teksas ta Amurka ya turo tambaya, yace mafarauta da masu wasan harbi da ke ɗura harsashinsu da kansu a gida suna ta neman tebur a wajensa, shin ya saro masu araha a shago ya ɗan gyaggyara ya sayar ne ko ya haɗa nasa?

Malam haɗa naka don Allah, ka rabu da sarin nan. Injin ɗurin, ko na kamfanin RCBS ne ko Lee ko Dillon, a bakin tebur ake ɗaure shi da noti, mutum yayi ta danna hannun injin ƙasa da ƙarfi har ya gama, duk wahalar a gefen gaba take sauka. Teburin da samansa garin katako ne aka matse, kafin kace me ramin notin ya fara buɗewa, tebur na rawa sikelin awon albarushi ma na rawa, kuma awon nan maganar rai ce, in aka zarce bindiga na iya fashewa a hannun mai ita.

Ka samu filawud mai kaurin inci 3/4 guda 2 ka haɗe da gam da sukurori ya zama inci 1.5, ƙafafu ka sa katako 4x4, kayi kanta a ƙasa inda za a jibga kaya masu nauyi su danne shi, bakin gaban kuma ya ɗan fito yadda noti zai ratsa a sa masa washa mai faɗi ta ƙasa. Ka bar wajen kafe shi a bango. Tsayi kuwa tambayi kwastoma, a tsaye yake aiki ko a kan kujera.

Maganar kuɗi, karɓi rabi kafin ka yanka katako, ka lissafa man mota da lokacinka a farashi, kuma ka fara da na kusa da kai don kuɗin aika kaya mai nauyi haka zai cinye ribar. Ka tsaya a katako kawai, ɗura harsashi don sayarwa sai da lasisin gwamnatin tarayya daga ATF, hukumar Amurka mai kula da harkar bindigogi, ko kwastoma ya roƙe ka kar ka shiga.