Amsa: Lissafin kwamfuta ya isa a tabbatar gada ba za ta yi lilo ba?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko lissafin kwamfuta kaɗai ya isa. A ganina bai isa ba, sai an auna jikin ginin. Misali, gadar Millennium ta Landan, wadda ta masu tafiya a ƙafa ce, an buɗe ta ranar 10 ga Yunin 2000, bayan kwana biyu aka rufe ta saboda lilo. Lissafin bai hango cewa da zarar ta fara lilo gefe da gefe, masu tafiya za su riƙa ware ƙafa suna bin motsinta don kada su faɗi ba, wannan kuwa ƙara lilon yake yi. Sai da aka tara mutane suna tafiya ana awo, aka ɗaura mata na'urorin shanye girgiza, sannan aka sake buɗe ta a Fabrairun 2002.