Wane irin bincike ake yi a fannin sinadaran ƙasa da muhalli?

Tambaya: Malam na gama digiri a jiyoloji, ina so in yi mastas a ɓangaren sinadaran ƙasa da muhalli amma duk wanda na tambaya sai ya ce ai gwajin ruwa ne kawai. Da gaske haka ne?

Amsa: A'a ɗan'uwa, gwajin ruwa ƙofar shiga ce kawai. Injin lab zai faɗa maka akwai guba kaza a ruwa, amma aikinmu shi ne gano inda ta fito, wace siffa take ciki, kuma me ya tashe ta daga inda take kwance shekaru dubbai.

Duba Bangaladash. Tun wajen 1970 aka dinga haƙa rijiyoyin burtsatse don mutane su daina shan ruwan tafki mai kawo kwalara, ruwa garau ba wari ba launi, sai a 1993 aka tabbatar akwai asenik, wani sinadari mai guba, a ciki. Ba kamfani ne ya zuba ba fa. Asenik ɗin yana manne da tsatsar ƙarfe da ke lulluɓe da ƙwayoyin yashin da koguna suka kwaso daga tsaunukan Himalaya, to a can ƙasa inda babu iskar oksijin akwai bakteriya da ke amfani da wannan tsatsa a madadin iskar, tsatsar na narkewa sai asenik ya saku cikin ruwa. Shi ya sa za ka ga rijiya biyu kusa da juna ɗaya lafiya lau ɗaya guba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka maikurogiram 10 a lita, wasu rijiyoyin can sun ninka haka sau goma ko fiye. Har yau ana binciken wane zurfi ne ya fi aminci, kuma ni a ganina wannan ɓangare na haɗuwar bakteriya da ma'adinai shi ne ya fi komai armashi.

Sai ruwan asid na wuraren haƙar ma'adinai. Dutsen fayirait, mai ƙyallin nan da ake ɗauka zinare ne, idan aka fasa shi ya haɗu da iska da ruwa asid yake fitarwa, asid ɗin kuma ya narkar da ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyom ya tafi da su rafi. Kogin Rio Tinto a Sifen jajawur yake, pH ɗinsa, wato ma'aunin ƙarfin asid, wajen 2, asid mai ƙarfi ke nan.

Akwai kuma masu neman mayar da iskar kabon, wadda ke ɗumama duniya, ta zama dutse. A Aisilan, aikin CarbFix ya narkar da iskar a ruwa ya tura cikin basalt, wani dutse da aman wuta ke samarwa, a 2012, sakamakon da aka fitar a 2016 ya nuna sama da kashi 95 ya daskare ya zama ma'adini cikin ƙasa da shekara biyu, alhali da ana zaton sai an yi ɗaruruwan shekaru. Masu binciken sharar nukiliya su kuma suna nazarin Oklo a Gabon, inda yuraniyom, makamashin nukiliya, ya kunna kansa a cikin ƙasa shekaru kusan biliyan 2 da suka wuce, don su ga nisan da sharar ta yi daga wurin.

Shawarata, ka gyara kemistirinka tun yanzu, musamman lissafin pH da musayar elektiron, don nan ɗalibai suka fi faɗuwa. Ka koyi karanta sakamakon injin XRD, mai gano irin ma'adinan da ke cikin samfuri, sannan kafin ka zaɓi maudu'i ka tambayi malamin da zai duba ka waɗanne injina ne ke aiki a lab ɗinsu.