Talabijin mai intanet za ta raba ni da biyan kuɗin wata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Tudun Wadan Zariya. Ina da talabijin inci 32 da dikoda ta biyan kuɗi, amma kuɗin watan ya fara fin ƙarfina, ga shi rabin watan ma ba a samun wuta. Yara sun matsa mini in sayi simat, wai da ita kallo kyauta ne. Gaskiya ne? Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar yaran akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba. Shawarata tun daga farko ita ce ka riƙe talabijin ɗinka, kuɗin simat ɗin ka kai su inda suka fi amfani.

Simat talabijin ce da aka saka wa 'yar ƙaramar kwamfuta a ciki, shi ya sa take shiga YouTube da Netflix da makamantansu. Ba ta zuwa da tashoshi a cikinta. Duk abin da ta nuna ta wannan hanya, data ce ta jawo shi. A lissafin kamfanin Netflix, kallon awa guda yana cin kusan 1GB idan hoton matsakaici ne, har 3GB idan HD ne, har 7GB idan 4K ne. Gidan da ake kallon awa huɗu a rana, ko a matsakaicin hoto, zai sha kusan 120GB a wata, ban da kuɗin watan da Netflix ɗin ke karɓa. Tambayi mai sayar da data nawa ne 120GB, ka kwatanta da abin da kake biya yanzu, za ka ga an gudu ba a tsira ba. YouTube ba ya karɓar kuɗin shiga, amma a kan babban allo yakan zaɓi hoto mafi nauyi da kansa, sai an shiga an sauko da shi 480p, wanda a kan inci 32 ba ya da laifi ko kaɗan.

Idan dai YouTube ne yaran ke so, leƙa bayan talabijin ɗin. In ka ga rami mai rubutun HDMI, ɗan akwatin Android ko sandar Fire TV za su yi maka aikin simat a kan farashin da bai kama ƙafar sabuwar talabijin ba. Sai dai ka yi hattara da akwatunan da ake cewa suna buɗe duk tashoshin ƙwallo kyauta. Satar sigina ce, kuma ranar da aka toshe ta ba ka da wanda za ka riƙe.

Kallon da ba ya cin data hanya biyu ce, eriya da dish. Ta ɓangaren eriya, Najeriya ta fara komawa tsarin dijital a Jos a watan Afrilun 2016, aka ƙaddamar a Kaduna a watan Disamban 2017, da dikodar FreeTV wadda aka tsara a kan kuɗin shekara. Amma tsakanin Zariya da Kaduna kusan kilomita 80 ne, kuma abin da eriya ke kamawa a Samaru ba lallai ta kama a cikin Birni ba. Kafin ka saya, shiga gidan maƙwabcin da ke da ita ka gani da idonka.

Dish na kyauta shi na fi natsuwa da shi ga gida irin naka, domin sau ɗaya ake biya. Taurarin ɗan Adam da ke watso tashoshin suna can kimanin kilomita 36,000 a sama, kowane a tsaye a wuri guda idan aka dube shi daga ƙasa, don haka inda dish ya fuskanta shi ke yanke tashoshin da za ka samu. Badr na Arabsat, a digiri 26 gabas, yana ɗauke da tashoshin Alƙur'ani da Sunna masu nuna Makka da Madina kai tsaye. Nilesat yana digiri 7 yamma, kuma a yankinmu yana son babban dish. Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta tauraron ɗan Adam kyauta ta shiga gidaje. Ka rubuta tashoshin da gidanka ke kallo tukuna, sannan ka kira mai haɗawa.

Ranar haɗawa ka tsaya a kansa. A allon akwai sanduna biyu, ɗaya ta ƙarfin sigina, ɗaya ta ingancinta. Ta ingancin ita ce abin dubawa, kuma kar ka sallame shi sai ta haura kashi 70, domin ruwan Agusta yana rage sigina, wadda aka bari a kan gaɓa kuwa da yayyafi ma hoton zai fara kakkaryewa. Ya naɗe mahaɗar waya da ke bakin LNB, wato 'yar na'urar da ke gaban dish mai karɓar sigina, da tef, ya lanƙwasa wayar ƙasa kafin ta shiga bango don kada ruwa ya bi ta zuwa dikoda, ya kuma kafa ƙarfen da kyau saboda iskar farkon damina. Yawancin ƙwallon Firimiya ta Ingila dai ba ta cikin na kyauta, a hannun SuperSport take, tashar biyan kuɗi. Mai son ta ya biya daga Agusta zuwa Mayu ya huta a tsakani, ko ya nufi gidan kallo. StarTimes kuma suna da biyan kwana da na mako, wanda ya fi dacewa da unguwar da wuta ba ta zama.

Wutar ita ce ta fi damuna a tambayarka, domin wata na tafiya ko ka kalla ko ba ka kalla ba. Talabijin LED inci 32 tana jan wat 30 zuwa 50, dikoda kuma 10 zuwa 15, duka a ce 60. Batir mai bolt 12 da 100Ah yana riƙe wat 1,200 na awa guda, amma irin na ruwa ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, saura 600. Raba da 60, awa goma ke nan, in an cire abin da inbata ke ci ya dawo kamar takwas. Faifan sola mai wat 200 zai mayar da wannan a wuni guda na ranar Zariya, in dai ana goge ƙurar hunturu da ke rufe shi. Duba takardar da ke manne a bayan talabijin ɗin, in an rubuta DC 12V, za ta yi aiki daga batir ba sai da inbata ba.

Ka kuma sayi ɗan abin kariyar nan da ake sawa a soket, mai jinkirta wuta na ɗan lokaci idan an dawo da ita, domin a wannan lokacin allunan talabijin suka fi ƙonewa. In hadari ya haɗu ana walƙiya, kashewa da rimot bai isa ba. A zare filogi, a kwance wayar dish daga bayan dikoda, tsawa takan biyo ta nan ta wuce ta HDMI har cikin talabijin.