Amsoshin Tambayoyinku: Zaman Ɗalibi a Gidan Mutanen Ostireliya

Tambaya: Na samu gurbin karatu a Sidni, zan sauka wurin wani iyali. Ina son kai musu tsarabar kilishi da dambun nama da daddawa. Kilo nawa ya dace? (Ɗalibi daga Gombe)

Ko loma ɗaya kada ka ɗauka. Ƙasar nan ba ta wasa da cutar dabbobi da ta amfanin gona. Tun a jirgi za a ba ka kati ka rubuta duk abin ci ko iri da ke jakarka, a filin jirgi kuma ga karnuka na shinshina kaya. In ka bayyana, iyakarta su karɓe su zubar. In ka ɓoye aka kama ka, tarar dubban daloli ce, kuma tun 2021 suna iya soke bizar ɗalibi a kan haka. Kai wa uwar gida turmin atamfa, maigida kuma hula. Kilishinka ka cinye a Gombe.

Tambaya: 'Yata za ta Melbon karatu. Wani a Facebook ya nuna mana gida mai kyau, dala 150 a mako har da abinci, amma sai mun tura kuɗin wata guda kafin Juma'a. Hankalina bai kwanta ba. (Uwa daga Zariya)

Hajiya, Allah ya yi wa yarinya albarka, kuma ki gode Allah da zuciyarki ta ƙi kwanciya. Kada ki tura ko kwabo.

Zama da iyali a manyan biranen can, da ɗaki da abinci, galibi ya haura dalar Ostireliya 300 a mako. Wanda ya zo miki da rabin haka ba tausayinki ya ji ba. Salon 'yan damfarar nan ɗaya ne kullum: su kwaso hotunan gidan wani daga intanet, su ce mai gidan ya yi tafiya ba zai samu damar magana ba, sannan su sa miki wa'adi don kada ki samu lokacin shawara. Abin da ke ba ni haushi shi ne mutanen da za su yi awa guda suna taya buhun shinkafa a kasuwa, su buɗe su duba, su ne za su tura miliyoyin naira ga wanda ko muryarsa ba su taɓa ji ba, don kawai ya rubuto Turanci mai tsabta. An ce araha ba ta ado, ita wannan ma ba araha ba ce, ƙugiya ce. Yarinya ta sauka ƙasar da ba ta san kowa ba, ta buga ƙofa a ce ba a san da zuwanta ba, wa za ki kama?

Ki bi ta makarantar. Jami'o'in can suna da ofishin masauki, shi zai haɗa ku da kamfanonin da ke tantance gidaje. Makarantar kanta ki duba sunanta a rajistar gwamnati ta CRICOS. In yarinyar ba ta cika 18 ba, ba a ma ba ta biza sai an amince da inda za ta zauna da mai kula da ita. A ba ku yarjejeniya a rubuce: sau nawa ake ciyarwa, wanki da intanet na ciki ko a'a, sanarwar kwana nawa ake bayarwa kafin a tashi. Ku yi kiran bidiyo, ku ga mutanen, ku ga ɗakin. Ku tambayi nisan gidan da makaranta, don biranensu shimfiɗaɗɗu ne, sauƙin da aka samu a haya na iya ƙarewa a katin jirgin ƙasa. Kuma kada ku biya na shekara. Ku fara da 'yan makonni, in jini ya haɗu a ƙara.

Tambaya: An ce akwai kare a cikin gidan da zan sauka. Ga batun abinci da sallah. Ina jin nauyin yi musu magana. (Ɗaliba daga Maraɗi)

'Yata, kunyar nan ta gida ce, can sai ta cuce ki. Su mutane ne da ke son a faɗa musu kai tsaye. Rubuta a fom tun yanzu cewa ba kya cin alade, kina son naman halal, kuma kin fi son gidan da ba kare. In ba a samu ba, ki roƙi kada ya shiga ɗakinki, ba za su ji haushi ba. Mahauta Musulmi ba su yi wuya ba: akwai su a unguwar Lakemba a Sidni, da titin Sidni a Melbon. Ki tafi da butarki, sai dai ki riƙa goge ruwan da ya zuba, don banɗakinsu a bushe suke barin shi. Wanka kuma a taƙaita, farin da aka yi a shekarun 2000 ya koya musu tattalin ruwa. Kowa yana ɗauraye kwanonsa, har maigida. In ba za ki dawo cin abincin dare ba, ki aika saƙo da wuri. Za su ce ki kira su da sunansu gatsal. Da nauyi a baki, amma za ki saba.

Tambaya: In sayi rigar sanyi tun daga nan? (Daga Jos)

A'a. Karatu na farawa ƙarshen Fabrairu, lokacin zafinsu ke nan. Sanyi sai Yuni zuwa Agusta, kuma gidajensu ba sa riƙe ɗumi. In ya matso ka shiga shagunan gwanjo na Salvos ko Vinnies. Abin da za ka saya shi ne adafta, don soket ɗinsu ba irin namu ba ne. Ƙarfin wutar ɗaya ne, 230.

Tambaya: Zan iya riƙe kaina da kuɗin makaranta da aikin da zan samu can? (Daga Kumasi)

Malam, da wane lokacin? Bizar ɗalibi awa 48 ta yarje maka a mako biyu muddin ana karatu. Ga masauki, ga sufuri, ga inshorar lafiya ta dole, ga kuɗin makaranta dubban daloli a zango. In lissafinka bai tashi ba sai da aikin da ba ka samu ba tukuna, ka dakata da sayen tikiti.